Kafin ku zana hoton ƙididdiga, ku fara shirya lambobinku

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Masu fama da darasin ƙididdiga na farko, ga abin da ya taimake ni.

In aka ba ku makin ɗalibai 40 a hargitse, kada ku yi gaggawar zane. Ku nemo mafi ƙanƙanta da mafi girma tukuna, a ce 23 da 78, sannan ku yanka rukuni masu faɗi ɗaya: 20 zuwa 29, 30 zuwa 39, har 70 zuwa 79. Don Allah kada ku rubuta 20 zuwa 30 sannan 30 zuwa 40, domin wanda ya ci 30 zai rasa ɗakin shiga. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini maki a jarrabawa, har yau abin yana damuna.

Wajen ƙirga, ku bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuna soke kowacce da fensir kuna ja mata layi a rukuninta. Layi huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su kamar an ɗaure damin kara. Da kun gama ku tara. In bai kai 40 cif ba, akwai wadda ta sulale, ku koma.

Sai zanen. Kowane rukuni ku zana masa sanda daidai da yawan da kuka ƙirga masa. In maki ne ko tsawon mutane, sandunan manne suke da juna, shi ne histogiram. In kuwa nau'i ne, kamar gero, dawa da masara, ku bar tazara tsakaninsu. Layin tsaye na gefen hoton, mai nuna yawan kowane rukuni, kuma ya fara daga sifili, in ba haka ba ƙaramin bambanci zai fito kamar tsauni.