Kurakuran da mai biyan bashi kaɗan-kaɗan ke yi idan sammacin kotu ya iso

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun daidaita da mai bin su bashi a kan biya wata-wata, ƙofar kotu ta rufe ke nan. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Daidaitawar da aka yi da baki a gaban shago, ko ta waya da jami'in banki, da wuya ta kare mutum idan aka shigar da ƙara, balle ma yawancin takardun rancen banki suna ɗauke da sharaɗin cewa wanda ya saɓa biya sau ɗaya ana iya neman ragowar kuɗin daga gare shi gaba ɗaya. Don haka a rubuta yarjejeniyar, a fayyace adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.

Kuskure mafi muni shi ne gudun sammaci. Wani yana hango masinjan kotu sai ya sa yara su ce ya yi tafiya, yana ganin tunda yana biya babu ruwansa da alƙali. Kotu kuwa tana da ikon ba da umarni a liƙa sammacin a ƙofar gida, sannan ta saurari mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci, kuma idan ba wanda ya zo ya nuna abin da aka riga aka biya, adadin da mai ƙara ya rubuta ne zai tabbata. Neman a jingine irin wannan hukunci ya fi halartar zaman farko wahala da tsada nesa ba kusa ba. Kotun ƙananan ƙararrakin bashi, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya, an tsara ta ne ta kammala shari'a cikin kwana 60, saboda haka mai jan ƙafa kansa kawai yake cuta.

Akwai kuma masu daina biya saboda fushin an kai su ƙara. Wannan yana ƙarfafa hujjar mai ƙara ne. A ci gaba da biya, amma ta banki, tare da rubuta dalilin tura kuɗin, domin tsabar kuɗin da aka miƙa wa yaron shago ba rasit tana iya zama abin musu a gaban alƙali.

A cikin kotu, musanta bashin da mutum ya san ya ci ba dabara ba ce, haka nan amsa duk adadin da aka karanto ba tare da lissafi ba. Ya nemi a rarrabe uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, ya gabatar da rasitansa, sannan ya roƙi a ba shi damar biya kashi-kashi. Idan an sasanta, a miƙa wa kotu sharuɗɗan ta mayar da su hukuncinta. Sai dai a nan ne kunya take kai mutane ga alkawarin da ba za su iya cikawa ba: mai albashin naira dubu 150 ya amsa zai riƙa ba da dubu 100. Da ya saɓa, mai bin bashi zai iya neman a kwashe kayansa a yi gwanjonsu, ko a umarci bankinsa ya biya daga asusunsa.

Kada a ba da cakin da babu kuɗinsa a asusu don a sami sararin numfashi. Dokar 1977 kan cakin da banki ya mayar ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara, ka ga bashi ya rikiɗe ya zama laifi. Shi bashi zalla kuwa ba hurumin 'yan sanda ba ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

A sanar da wanda ya tsaya wa mutum tun ranar da sammaci ya zo, domin shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙarar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ko ya roƙi alƙali ya tura maganar sashen sulhu na kotu kafin a shiga sauraren shaidu.