Kurakuran Masu Fitar da Riɗi, Zoɓo da Citta Wajen Zaɓen Hanyar Shiga Kasuwar Waje

Buhun riɗin da aka auna a Maigatari ko Dawanau yakan bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya zama mai a Japan ko ya shiga injin markaɗe a Turkiyya. Kowane hannu da ribarsa, shi ya sa sabon ɗan kasuwa yake ganin in ya tsallake su duka ya warke. Abin da ba ya sakawa a lissafi shi ne kowannensu akwai kayan da yake ɗauke da shi a ka. Wani yana zuba kuɗinsa ya jira wata uku, wani shi hukuma take kamawa in an sami guba a kaya, wani kuma shi ke biyan tara in kwantena ta kwana a tasha. Duk hannun da ka cire, ka gaji nauyinsa.

Fara da hanya mafi nisa

Hanyoyin sanannu ne. Ko ka sayar wa kamfanin da ke fitarwa, ka kai masa sito a Kano ko Legas ka karɓi nairarka. Ko ka fitar da sunanka ka sayar wa mai shigo da kaya a can, kai tsaye ko ta hannun dillali. Ko ka naɗa wakili, ko ka ba wani dila a ƙasar, ko kuma ka buɗe kamfani da sito naka a can. Ta farko ake rainawa, alhali ita ce makaranta. A nan ake rage maka kuɗi saboda tsakuwa da laima, ka koyi abin da ake nufi da inganci ba tare da ka yi asarar kwantena a teku ba.

Kafin ka wuce ta, auna kanka da abu uku. Za ka iya cika kwantena da kaya iri ɗaya? Mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 19 na riɗi, wato buhu 380 mai kilo 50. Zoɓo ba shi da nauyi, mai ƙafa 40 ma ba ta wuce kusan tan 12. Za ka iya maimaita wannan ingancin a lodi na biyu da na uku? Sannan kana da jarin da zai zauna tun daga sayen kaya har ranar da kuɗi suka dawo, ba tare da masu bashi sun taso ka ba? In ɗaya ta gaza, zauna a mataki na farko wata kaka, ko ku haɗa kai da mai fitarwa da ya riga ya sami masu saye.

Wasu kasuwannin ma ba sa son a tsallake kowa. A Japan, masu matse mai sun saba saye ta hannun manyan kamfanonin fatauci irin su Mitsui da Itochu da Marubeni, waɗanda ke tsaya musu kan inganci da lokaci. Wasiƙar da baƙo ya aika wa masana'anta kai tsaye ba kasafai take samun amsa ba.

Rashin bambanta dillali da wakili da dila

Nan ne aka fi faɗawa rami, domin a bakinmu duk mukan ce "mutumina a can". Dillali yana haɗa ciniki ɗaya, ya karɓi la'adarsa, ya kama gabansa. Wakili yana nemo maka masu saye a kai a kai da sunanka, kayan naka ne, kai ke yanke farashi, kai ke bin bashi, shi kuma yana cin kamasho. Dila kuwa sayen kayan yake da kuɗinsa, ya ajiye a sitonsa, ya sayar yadda ya ga dama. Asarar kasuwa tasa ce, amma masu sayen ma nasa ne, kai ba za ka san ko sunansu ba. Fataken goro na da sun san wannan bambanci sarai. A Salaga da Kumasi na ƙasar Gana, maigidan da ya saukar da su ya tsaya musu daban ne da dillalin da ya haɗa ciniki, kuma kowa an san iyakarsa.

Sakacin yana da tsada a Turai. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan wakilan kasuwanci ta ba wakili haƙƙin diyya in ka sallame shi ba da laifinsa ba. A ƙasashe irin su Jamus diyyar tana iya kaiwa kamashon shekara guda, bisa matsakaicin abin da ya samu a shekaru biyar na baya. A Faransa kotuna sun saba ba da na shekara biyu. Akwai kuma wa'adin sanarwa: wata ɗaya a shekarar farko, wata biyu a ta biyu, wata uku daga ta uku. Rubuta cewa dokar Najeriya ce ke aiki a kan yarjejeniyar ba ya fitar da kai, don Kotun Turai ta yanke tun shekarar 2000 cewa wakilin da ke aiki a cikin Tarayyar ba a raba shi da wannan haƙƙi ta hanyar zaɓen dokar wata ƙasa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma, wakilcin da aka yi wa rajista a ma'aikatar tattalin arziki yana da kariya mai ƙarfi, kuma warware shi ba abin wasa ba ne. Kada ka sa hannu a takardar da za a kai rajista sai lauyan ƙasar ya karanta maka.

Sai batun ba mutum ɗaya kasuwa gaba ɗaya. An haɗu a baje kolin Gulfood a Dubai ko Anuga a Kolon ta Jamus, an sha shayi, ya ce ka ba shi duk Turai shi kaɗai, kai kuma don murna ka amince. Shekara ta zagayo, kwantena biyu ya saya, kuma ya ɗaure maka hannu. Gyaran shi ne a ƙayyade ƙasa ɗaya, kaya ɗaya, shekara ɗaya, da mafi ƙarancin tan ɗin da zai saya kowane wata uku. A rubuta ƙarara cewa in ya gaza sau biyu, keɓancewar ta faɗi da kanta. In kayanka na da suna da tambari, yi musu rajista a ƙasar da sunan kamfaninka tun kafin ka aika masa samfur. Dila da yawa sun yi wa tambarin mai kaya rajista da sunansu, ranar rabuwa mai kaya ya tarar ba shi da ikon sayar da kayansa da sunan da ya raɗa musu.

Game da dillalan intanet kuwa, magana gajeriya ce. In takardar neman kaya ta zo maka ta WhatsApp bayan ta ratsa mutum biyar, kowa ya ɗora dala goma a kan tan, kuma ba wanda ya yarda ya faɗi sunan mai saye, babu ciniki a wurin. Dillalin gaske yana haɗa ka da mai saye, a rubuta la'adarsa, a biya shi bayan kuɗi sun shigo.

Faɗin farashi ba tare da faɗin inda nauyi ya sauka ba

"Dala kaza tan" ba farashi ba ne sai an haɗa shi da sharaɗi da sunan tasha, kamar FOB Apapa ko CFR Marsin (wato kai ke biyan kuɗin jirgi har tashar Marsin ta Turkiyya), bisa ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa na Incoterms na 2020. A FOB, duk abin da ya sami kaya daga sito har su hau jirgi naka ne: tafiyar kusan kilomita dubu daga Kano zuwa Legas, layin shiga tasha, da jiran jirgin da mai saye ya zaɓa. In kaya suka jiƙe a tasha ana jiran lodi cikin wa'adin da aka amince, kai za a tambaya. Don haka ne masu ƙa'idar suke ba da shawarar FCA ga kayan kwantena, inda nauyi ke sauka daga kanka da zarar ka danƙa wa mai jigilar da aka ambata.

CIF ma ana yi masa gurguwar fahimta. Kai ke biyan jirgi da inshora har tashar mai saye, amma haɗari yana komawa kansa tun a tashar lodi, kuma inshorar da aka wajabta maka ita ce mafi ƙaranci, a kan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya. DDP kuwa sabon shiga ya guje shi. Ma'anarsa kai ne mai shigo da kaya a ƙasar mutane, da harajin kwastan da na saye duk a wuyanka, a Turai kuma sai kana da lambar rajistar kwastan ta EORI.

A cikin farashin kada a manta da ƙananan abubuwan da ke cinye riba: kashi 0.5 cikin ɗari na harajin duba kayan fitarwa na NESS, kuɗin feshi, takardar lafiyar tsirrai ta NAQS (hukumar duba lafiyar kayan gona ta Najeriya), gwajin ɗakin bincike, da ragin nauyi in kaya suka ƙara bushewa a hanya.

Sakin takarda kafin ganin kuɗi

Mai riƙe da ainihin takardar lodin jirgi, wadda ake kira BL, shi ke da kaya. Ka sake ta, ko ka ba kamfanin jirgi umarnin sakin kaya ta waya kafin kuɗi su shigo, to ka yi kyauta. Biyan kuɗi a karɓi takardu ta banki ya fi, amma shi ma da ƙofarsa. In farashi ya faɗi jirgi na kan ruwa, mai saye sai ya ƙi zuwa banki. Kwantena ta sauka, kwanakin alfarma su ƙare, tara ta fara hawa kullum, sannan ya bugo ya ce zai taimake ka ya karɓa a ragi. A wasu ƙasashe ma ba za ka iya mayar da kayan ko sauya mai karɓa ba sai da yardarsa a rubuce. Maganin wannan shi ne kafin alƙalami mai ciwo, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da rubuta BL bisa umarnin banki maimakon sunan mai saye.

Takardar lamunin banki, wato LC, ta fi tsaro in an iya ta. Ta gaske tana zuwa bankinka ta SWIFT, hanyar saƙo tsakanin bankuna, ba hoto ne a imel ba. Banki ba ya kallon riɗi, takardu yake kallo. Bisa UCP 600, ƙa'idar da bankuna ke bi kan LC, yana da kwanakin aiki biyar ya duba, kai kuma kana da kwana 21 daga ranar lodi ka gabatar, sai in an rubuta wani wa'adin. Saɓanin bayani tsakanin rasit da BL ya isa a ƙi biya. Nemi daftarin LC tun kafin a buɗe ta, ka cire duk sharaɗin da cika shi yake hannun mai saye, kamar takardar amincewa da wakilinsa zai sa wa hannu.

Bayar da kaya a sayar a biya, wanda dilolin waje suke so, yana karo da dokar gida. Duk kayan da suka fita da NXP, fom ɗin fitar da kaya da ake cikewa ta banki, Babban Bankin Najeriya yana son kuɗinsu su dawo cikin kwana 180 daga ranar BL. In kayanka na zaune a siton wani a Hambug ta Jamus wata bakwai, kai ne banki zai tuhuma.

Mantawa da cewa hukuma ma tana kan hanya

Mai saye yana iya yarda da kayanka hukumar ƙasarsa ta ƙi. Tarayyar Turai ta hana busasshen waken Najeriya shiga tun 2015 saboda maganin ƙwari na dichlorvos da ake zubawa a ajiya. Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa na shekaru saboda ƙwaron sito da aka gani a kaya. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da Turai ke tsaurara wa bincike saboda ƙwayar salmonela, wadda takan shiga ta kashin tsuntsaye da ɓeraye in an shanya a ƙasa. Citta a Turai ba a yarda gubar aflatoksin ta wuce maikirogiram 10 a kilo ba, kuma cittar Kaciya ko Kwoi da aka cusa a buhu ba ta gama bushewa ba ita ke kamuwa. Japan kuwa, duk maganin ƙwarin da ba ta ware masa iyaka ba, ma'auninta 0.01 ne cikin miliyan.

Kuskuren da ake yi shi ne aika samfurin da aka tsince da hannu, sannan a loda abin da kasuwa ta bayar. A ɗebi samfur daga ainihin tarin da za a loda, kamfanin bincike irin su SGS ko Intertek ya ɗeba da kansa, a rufe kashi uku: na mai saye, naka, da na ajiya don ranar gardama. A yarjejeniya a rubuta tsafta da laima da yawan mai da alƙaluma, a kuma rubuta cewa takardar bincike ta tashar lodi ita ce ta ƙarshe. In ka bari aka ce sai an sauke za a auna, ka miƙa wa mai saye wuƙa da nama.

Ɗan'uwa a waje da kantin intanet

Masu ƙulla zoɓo da garin citta a ƙananan ledoji sukan dogara da ɗan'uwa a Landan ko Hustan. Zumunci daban, rajistar kasuwanci daban. Abinci ba ya shiga Amurka sai wurin da aka sarrafa shi ya yi rajista da FDA, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, ana sabunta ta duk shekara biyu, da wakili mazaunin Amurka, da sanarwa kafin kowane kaya ya iso. Amazon zai ajiye maka kaya ya aika wa mai saye, amma ba ya yarda a rubuta shi a matsayin mai shigo da kaya. In ɗan'uwan zai tsaya a wannan gurbi, sai ya yi rajistar kamfani, a rubuta ko dila ne ko wakili, a kuma fara da kwali kaɗan ta jirgin sama don a ga yadda lakabi da takardu za su wuce kwastan kafin a yi maganar kwantena.