Yadda ake haɗa mashin Sinawa da fara horo da shi

Mashin nan da Sinawa ke kira qiang, har suna masa kirari da sarkin makamai, sirrinsa na cikin sandar ne. Mutane sai su zuba kuɗi a kan ƙarfe mai ƙyalli su manta da icen, alhali shi ne ke aikin.

Icen da suke so sunansa bailagan, fari ne, ya lanƙwasa ya dawo ba ya saurin karyewa. Ka nemi mai kaurin gindi da ke sirancewa zuwa sama, ba tsaga ba kunkuma. Tsawo kuwa ka tsaya ka ɗaga hannu sama, kada mashin ya gaza kan yatsanka na tsakiya, haka 'yan wushu, wato wasan dabarun faɗa na Sinawa, ke aunawa. Babban mashin nan mai mita 3 ko fiye da Li Shuwen, gwanin mashi na Cangzhou a ƙasar Sin, ya yi suna da shi, bar shi tukunna.

In ya ɗan karkace ka gasa wurin a kan garwashi a hankali ka miƙar. Sai samfefa, sai mai ɗan kaɗan ka goge da tsumma, amma don Allah ban da fenti, hannun gaba zamewa yake a kan sandar, fenti zai riƙe ka ya tasar maka bororo. Ka fere siririn kan da wuƙa har ya shige bututun ƙarfen tsam, ka buga ƙusa ta ramin gefe. Jan tuntun gashin doki a ɗaure shi ƙasan ƙarfen, yana rikita idon abokin karo, a zamanin yaƙi kuma shi ke tare jini kada sandar ta yi santsi.

Horon abu 3 ne: "lan" wato karewa zuwa waje, "na" wato dannewa zuwa ciki, "zha" wato suka. Hannun baya ya riƙe can ƙarshen gindin ya manne da ƙugu, daga ƙugun ƙarfin ke fitowa, wanda ya sa kafaɗa minti 5 ya gaji. Hancinka da tsinin mashin da kan ƙafar gaba su zama layi ɗaya. Ka rataye ƙaramin zobe da igiya daidai ƙirjinka ka riƙa soka ta cikinsa kullum, da ƙarfe mara kaifi fa, kuma a fili inda ba yara.

In ka gama ka rataye shi ko ka kwantar a ƙasa shimfiɗe, jingina shi da bango na lanƙwasa sandar.