Kurakuran masu fara tara alƙalamin tawada a Kebbi, da yadda ake gyara su

Da yawa daga cikin alƙaluman tawadar da ke kwance a durowa, waɗanda masu su suka ce "ba ya yi" suka koma wa biro, lafiyarsu ƙalau. In ka bincika za ka tarar abu uku ne ke kashe su a nan wajenmu: tawadar da aka ɗura musu, zafi da bushewar garinmu, da hannun da ya saba da biro. Kamfanonin da ke ƙera su a Jamus da Japan da Sin ba su yi lissafi da ranar Afrilu ta Birnin Kebbi ba, ba su kuma san takardar littattafan da muke saye a kasuwa ba. Wannan lissafin namu ne.

Kuskure mafi muni shi ne na tawada, kuma mu ne muka fi kowa saurin faɗa masa, don mun tashi mun ga tawada a gida. Ƙasar Gwandu ƙasar malamai ce tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kusan kowace unguwa akwai kurtun tawada da alƙalamin kara. Sai mutum ya sayo sabon alƙalami, ɗan kwanson robar tawada da ya zo da shi ya ƙare, ya dubi kurtun almajirai ya ce ai tawada tawada ce. A'a. Tawadar allo gawayi ce ko baƙin tukunya da aka niƙa aka haɗa da ƙaro. Ƙaron shi ke riƙe baƙin a jikin allo, kuma alƙalamin kara bai damu ba, tunda tsoma shi ake yi a rubuta a sake tsomawa. Shi kuwa na zamani, a ƙarƙashin bakinsa na ƙarfe akwai wata baƙar roba mai tsagi siriri ƙwarai, ta nan tawada ke gangarowa, iska kuma ta hau ta cike gurbinta. Ƙaro na shiga wannan tsagi ya bushe, ya liƙe shi, garin gawayin ya ƙarasa toshe abin da ya rage. Haka tawadar zane ta masu zayyana, wadda galibi da wani irin danƙo ake haɗa ta, da tawadar hatimi ta ofis, da ta firinta da ake ɗurawa a shagunan kwamfuta. Duk kwalbar da ba a rubuta a jikinta cewa ta irin wannan alƙalami ce ba, bar ta inda ka gan ta.

In an riga an ɗura, kada a jira gobe. A kwance gaban alƙalamin, a yi ta zuƙo ruwa mai tsabta ana fesarwa har ya fito fari, sannan a jiƙa gaban a kofi ya kwana. Ƙaro yana narkewa a ruwa, saboda haka akwai fata in an yi haƙuri. Tawadar zane kuwa in ta bushe a ciki, sau da yawa sai dai a nemi wani.

To wace za a saya? Wanda zai yi rubutun yau da kullum, rajistar aji, takardun ofis, lissafin shago, ya fara da tsofaffin da aka daɗe ana aiki da su: Parker Quink, wadda ke kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001, ko shuɗiyar Waterman. Ba su da wani ado, amma suna gudu yadda ya kamata, suna wankuwa daga cikin alƙalami ba wahala, kuma kwalba ɗaya, ta Quink mililita 57 ce, tana kai mutum watanni. Masu shiga intanet su ga hotunan tawada mai ƙyalƙyali da mai sauya launi sukan ruɗe. Mai ƙyalƙyalin ƙananan ɓurɓushi ne a cikinta masu kwantawa a tsagi. Mai kaurin launi kuma tana daɗewa ba ta bushe a takarda ba, gumin hannu na taɓa ta sai ta shafe. A garin da mutum ke rubutu yana share zufa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Akwai wani zaɓi da ba kowa ke lura da shi ba. Shuɗiya mai wankuwa, irin Royal Blue ta Pelikan ko shuɗiyar Lamy, ita ce abokiyar mai farar shadda, don in ta zuba a aljihu ruwa da sabulu na fitar da mafi yawanta. Amma abin da ya sa take fita daga riga shi ne zai sa ta fita daga takarda. Ruwan damina ya taɓa littafi, ko rufi ya yi yoyo a kan fayil, rubutun ya tafi. Takardar filin gona, yarjejeniyar bashi, rabon gado, ba a rubuta su da irin wannan. Ana neman wadda ba ta jin ruwa, kuma manyan irinta biyu ne. Akwai mai garin launi da aka niƙa lilis har yana iya bin tsagi, kamar Platinum Carbon Black. Akwai kuma mai sinadarin ƙarfe, kamar Salix ta Rohrer & Klingner ko Registrar's ta Diamine, wadda aka yi don rajistar haihuwa da aure a Ingila. Ita wannan ta biyun 'yar'uwar tawadar da alarammomi ke haɗawa da bagaruwa da ƙarfe don rubutun takarda ce, hikimar ɗaya ce: tana sauka da haske, iska na bugunta tana ƙara duhu tana kama takarda. Sai dai duk biyun ba a barinsu su bushe a cikin alƙalami. Wanda ba zai riƙa rubutu da shi kusan kullum ba, yana wankewa bayan 'yan makonni, ya haƙura, ya sa hannu a muhimman takardunsa da biro. Ba abin kunya ba ne.

Gauraya tawada biyu a kwalba don a samu sabon launi, ko zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa ba tare da wanki ba, kan haifar da dusa-dusa mai toshewa. Wanda ke son gwaji ya haɗa kaɗan a marfin kwalba, ya bar shi ya kwana biyu ya gani. Kwalbar da ta yi hunhuna ko ta sauya wari a zubar.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, za ka ji ana cewa alƙalamin nan yoyo yake yi, jabu ne. Galibi ba tsagewa ya yi ba. A cikin ma'ajin tawada akwai iska a gurbin da aka shanye, zafi na taɓa ta sai ta buɗe, ta turo tawada waje ta baki. Ma'aji babba da ya kusa ƙarewa ya fi yin haka, shi ya sa alƙaluma irin su TWSBI Eco, da ke ɗaukar fiye da mililita ɗaya da rabi, ake son a riƙa cika su a bazara. Maganin ba ya cin ko sisi: baki ya dubi sama. A aljihun ƙirji, a tsaye, iskar na buɗewa sai ta fice ta bar tawada a ƙasa. Amma in aka jefa shi a aljihun gefe na kaftani, yana kwance tare da makulli da waya, aka hau kabu-kabu daga Gesse zuwa tsohuwar kasuwa, ko aka bar shi a gaban mota a rana, marfin zai cika da tawada, mai buɗewa ya sha mamaki. Kwalbar ma a nisanta ta da taga, don rana na kashe launi.

Hunturu kuma nasa salon daban. Iska ta bushe, kana zaune a taro ka buɗe marfi kana sauraron mai jawabi, in ka zo rubutawa baki ya ƙafe. A saba da mayar da marfi da zarar an ɗaga hannu. A wajen saye ma, ni a ganina marfi ya fi kyan jiki muhimmanci a ƙasar nan. Platinum Preppy, wanda yana cikin mafi araha da Japan ke fitarwa, yana da ƙaramin marfi na ciki mai sifirin da ke toshe iska, kamfanin ya ce yana iya shekara a ajiye bai bushe ba. Wasu manyan alƙaluma masu nauyi da ruwan gwal kuwa, irin waɗanda ake bayarwa kyauta a akwati, kwana uku in ba a taɓa su ba sai an yi ta lallashi. In baki ya ƙafe, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tashe shi. Kada a karkaɗa shi da ƙarfi, bango da rigar maƙwabci ne za su sha.

Hannu shi ne na uku. Biro sai an danna ƙwallon da ke bakinsa yake juyawa, mun shekara da shekaru muna dannawa har ba mu san muna yi ba. Bakin alƙalamin tawada a tsage yake gida biyu, kuma nauyin alƙalamin kaɗai ya isa ya sa tawada ta sauka. In aka danna, ɓangarorin biyu su buɗe, su rabu da robar da ke ƙasa, daga nan sai ya riƙa yankewa ko kartar takarda. A kwantar da shi kaɗan, fuskar ƙarfen na kallon sama, a bar shi ya yi tafiyarsa. Rasit mai kabon-fefa a ƙasa ba aikinsa ba ne. Wanda kuma ya ga ba ya zuba sosai ya ɗauko reza ya zura a tsagin, ya gama da shi.

Nan ne maganar aro ta shigo. A banki ko a sakatariya wani zai miƙo hannu: "Malam, ara man biro." Hanawa ba tarbiyyarmu ba ce. Amma zai fizgi marfin da murɗawa ake yi, ya riƙe baki a juye, ya danna iya ƙarfinsa a kan fom. Dabarar ita ce a ajiye biro na musamman a aljihu don bayin Allah, kowa ya rabu da kowa lafiya.

Takarda ma na da laifinta, ana ɗora wa alƙalami. Littattafan rubutu na 'yan makaranta da farar takarda mai giram 70 suna shan tawada, rubutu ya baje ya yi gashi-gashi, ya ɓullo ta baya. Mai giram 80 ta fi dama, ko da yake ba nauyin kaɗai ke magana ba, har da sulɓin fuskarta. Tunda da wuya malamin makaranta a Jega ko Kamba ya riƙa odar takardar Faransa don shirya darasi, sai a gyara ta ɗaya gefen: baki siriri, mai alamar F ko EF, da tawada mara yawan gudu irin Pelikan 4001. A lura, F na Japan, wato na Pilot da Platinum da Sailor, ya fi F na Jamus sirantaka, har M, wato matsakaici, na Pilot kan yi kusa da F na Lamy ta Jamus. Mai rubutun ajami ko Larabci da ke son kauri da siranta irin na alƙalamin kara ya nemi baki mai faɗi. Lamy na da na milimita 1.1 da 1.5 da 1.9, ana zare na jikin alƙalaminsu mai suna Safari a zura su da hannu.

Wani abin takaici da kan faru bayan an jira saƙo daga Kano ko Legas, an je tasha an karɓo: kwanson tawadar ya ƙi shiga. Lamy nasa daban, Pilot nasa daban, haka Platinum da Parker. Kaweco da wasu da dama ne ke amfani da ƙaramin kwanson nan na gama-gari. A nan da ba kowane shagon littattafai ke ajiye su ba, dogaro da kwanso wahala ce. A sayi ɗan famfon zuƙo tawada daga kwalba tare da alƙalamin tun farko, na kamfaninsa. In babu, sirinji daga kemis ya wadatar: a wanke tsohon kwanso a sake cika shi, har sai bakinsa ya saki.

Game da tarin kansa, sabon shiga kan yi ɗaya daga cikin biyu. Ko ya zuba kuɗi a kan mai bakin zinare tun bai san irin kaurin da hannunsa ke so ba, ko ya kwaso goma masu araha iri ɗaya ya cika su duka rana ɗaya, takwas su bushe kafin ya waiwaye su. Zinare ba ya gyara rubutu, bakin ƙarfe mai kyau na Pilot Kakuno ko Lamy Safari ya ishi kowa aiki. Biyu a cike sun isa, ɗaya shuɗi ko baƙi, ɗaya ja in mutum mai duba takardun ɗalibai ne. Sauran a wanke su, su bushe, a ajiye. A kuma yi hattara da jabu. Safari, da aka fara fitarwa a 1980, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo, ballantana Montblanc mai tsada. In ka ga farashin ya faɗi ƙasa warwas, ka san abin da ake sayar maka. Gara Jinhao ko Hero na Sin, na gaskiya, da sunansa a jikinsa.

Wanki kuwa da ruwa mai sanyi ne, in ya yi tauri a ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan a ɗauraye sosai. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit, ban da kalanzir ko fetur, duk suna cin roba. In ruwan rijiya ko na burtsatse na barin farin gari a buta, a yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan gora.

Mafi darajar abin da mai tari zai samu a Kebbi wataƙila ba a intanet yake ba. Yana cikin adakar tsofaffin malaman makaranta da alƙalai da ma'aikatan En'e a Argungu da Yawuri da Gwandu: Parker 51, da aka fara sayarwa a 1941, ko Hero 616 na Sin da aka ƙera a kan fasalinsa. In Baba ko Kawu ya ba ka irin wannan, kada ka murɗa komai da ƙarfi, tsohuwar tawada ce ta riƙe shi, kuma tsohuwar roba ba ta jure gardama. Jiƙa gaban kawai a ruwa, kana sauya ruwan har ya daina yin launi. Sannan ka buɗe bayansa, ka taɓa jakar tawadar a hankali. In ta yi tauri tana farfashewa, sai an sa sabuwa kafin a ɗura komai. In tana lotsawa tana dawowa, kamar yadda ta Parker 51 ɗin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1940 kan yi har yau, ka zuƙo ruwa ka fesar sau da yawa, ka bar shi ya tsane a kan tsumma baki a ƙasa, sannan ka cika shi da Quink.