Yadda nake kwana a mota a bakin kogin Haɗeja

Shekara takwas ke nan ina sarin bandar kifi a ƙauyukan bakin kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma, kuma yawanci a motata nake kwana. Tsohuwar Hiace ce, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa. Ɗan yayata da ya yi karatu a Amurka ya ce can hukumar gari ce ke ware fili a bakin kogi, masu motoci irin masu ɗaki da banɗaki su biya kuɗi su jona wuta da ruwa. Mu nan kai za ka shirya wa kanka komai.

Kafin ka kashe mota, nemi gidan bulama. Riƙe goro ko ɗan sukari, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, ina son in yi kwana biyu kusa da ruwa." Zai haɗa ka da yaro ya nuna maka wuri. Filin da ka gani shar kamar ba mai shi, watakila mashayar shanu ce. Zuwana na farko na yi gaban kaina, da asuba na farka mota tana girgiza, ashe bijimi ne ke sosa wuyansa a jikinta. Madubin gefe a nan ya tafi, kuma ba ni da bakin magana, ni na tare musu burtali.

Sai wurin ajiye mota, wanda shi ne babba. Hau tudu. Dubi jikin itatuwa, za ka ga zoben busasshiyar laka da ciyawa maƙale, nan ruwan bara ya kai, ka tsaya sama da shi. Ruwan kogin nan daga ƙasar Kano yake gangarowa, ta madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992, don haka yana iya ƙaruwa alhali ko yayyafi ba a yi a inda kake ba. Agusta da Satumba kar ma ka fara, duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Ringim ya san dalili. Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Baƙar ƙasar fadama kuma mayaudariya ce, samanta ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashi kuwa kamar kunu. Soka sanda da ƙarfi, in ta fito da danshi ka ja baya. Kuma tun da haske ka juya mota ta kalli hanyar fita.

Da magariba sauro zai taso daga cikin kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, kamar hayaƙi. Ɗaura gidan sauro a cikin motar tun kafin rana ta faɗi, ka sauke gilashi kamar yatsa biyu. Sanyin hunturu a bakin ruwa ba irin na cikin gari ba ne, ni bargo biyu nake ɗauka. Duk yadda ya kai, kar ka shigo da kaskon gawayi cikin mota, kar kuma ka kwana inji na aiki, iskar da ke fita ba ta da wari amma tana kashe mai barci.

Ruwan sha da na alwala ka taho da jarkarka. Wanka a kududdufin da ba ya gudu shi ke jawo tsargiya. Takalmi ka shigo da shi, saboda kunama.

In ka kai Baturiya, fadamar tsuntsaye da ke yankin Kirikasamma, a lokacin sanyi, tashi ka yi sallah ka zauna kan mota da shayinka, agwagin da suka taso daga Turai za su yi ta sauka kan ruwa. Ni dai ban cika daɗewa ba, don in hantsi ya yi 'yan sarin Kano sun riga sun kwashe tarwaɗa mai kyau.