Yadda ake hawan tuddan Gashaka a sauko da ƙafa lafiya

Yawancin masu zuwa gandun dajin Gashaka Gumti a karon farko Chappal Waddi suke sa wa rai, tsaunin nan mai tsayin mita 2,419 da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Ajiye wannan buri tukuna. Tafiya ce ta kwanaki da kwanan daji, ba ta sabon shiga ba. Ka fara da ƙananan tuddan da ke gindin tsaunukan, wajejen ƙauyen Gashaka da hanyar kurmin Kwano, inda za ka fita da safe ka dawo a yinin.

Da farko sai ka isa Serti a jihar Taraba, inda babban ofishin gandun yake. Daga Jalingo ana bi ta Bali ne, hanyar da ke haurawa Mambila. A ofishin za ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da jami'in gandun da zai yi maka rakiya. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce. Dajin da ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawansa, ba wurin gwada wayo ba ne. Ka tambayi jami'in halin tsaro a ɓangaren da za ku bi, ka kuma faɗa masa gaskiyar ƙarfinka. In kuna da yawa ku yi karo-karo a kuɗin mota, ya fi kowa ya hau acaɓa shi kaɗai sauƙi.

Ka je tsakanin Disamba da Maris. Da damina kogin Mayo Kam da ƙananan rafuka kan cika su hana tsallakawa, hanya kuma ta koma santsi.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kada ka zo da sabo fil da ka saya jiya a kasuwa. Kambas ɗinka da ya saba da ƙafa, mai gurzar ƙasa, ya fi. A samu ɗan sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin, ka sa safa mai kauri, ka yanke farce tun daren jiya. Baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu a bar su a gida, ƙudan tsando su yake bi. Riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa, ita ce tawa. Ruwa lita 3 ga kowane mutum, ɗaya daga ciki a haɗa shi da gishiri da sukari. Guzuri kuwa dabino da ƙuli-ƙuli sun wadatar. Kilishi na da daɗi a kan dutse, amma zai shanye maka ruwanka kafin Azahar.

Ku tashi bayan sallar Asuba, da gari ya fara haske. Hawan ba shi da wata dabara mai yawa: gajerun taku, kuma a saurin da za ka iya magana ba tare da haki ba. Wanda ya fi kowa rauni shi ke bin bayan jami'in, sauran su biyo shi. In kuna son ganin birai a kurmin, ku rage surutu.

Kafin ku ɗaga ƙafa, ku yanke lokacin juyowa. Ni ƙarfe 12 na rana nake sawa, ko an kai ƙoli ko ba a kai ba. A nan ake samun gardama, don kullum sai wani ya ce ai ga saman can, saura kaɗan. Hazon hunturu na ruɗar ido, kuma bayan tudun da kake hange galibi akwai wani. Mutane na lissafin cewa saukowa rabin lokacin hawa take ci. A gangara mai tsakuwa, da ƙafar da ta riga ta gaji, kusan daidai suke, kuma a cikin kurmi duhu kan riga Magariba shigowa.

Saukowar ita ce inda na fi ganin an ji jiki. Kafin ka fara gangarawa, zauna ka kwance igiyar takalminka, ka buga dunduniya baya, ka sake ɗaurewa tamau a wajen idon sawu. In ba haka ba, kowane taku yatsunka za su riƙa dukan bakin takalmin, bayan kwana biyu ka ga farcen babban yatsa ya yi baƙi, daga baya ya fita. Gwiwa a ɗan lanƙwashe take, kada ka miƙe ta. Kada ka kwanta baya don tsoron faɗuwa, hakan ne ma ke zame dunduniya ka zauna daɓas. Nauyinka ya tsaya a kan tafin ƙafa. Inda gangarar ta yi tsanani, juya gefe ka sauka a kaikaice, ka riƙa dafa sanda a ƙasa kafin ƙafa ta bi. Busasshiyar ciyawar rani da ta kwanta a kan dutse ta fi laka santsi, a taka ta da hankali. Ku bar tazara a tsakaninku, domin dutsen da ka ture na ƙasa da kai zai samu; in ya suɓuce, ka ɗaga murya ka ce "dutse!" Kuma kada ka kama ciyawa ko ka zura hannu a ramin dutse don neman madafa, ba ka san me ke kwance ciki ba. In cinya ta fara rawa, tsaya ka sha ruwan gishirin nan, ka ci dabino, minti biyar ya isa.

A rafi, ka tsallaka inda jami'in ya nuna kawai, akwai dorina a wasu gurabun Mayo Kam. Ledar ruwa da sauran shara a mayar da su jaka. Da kun iso masauki ka wanke ƙafa, ka duba ƙwauri da ƙugu ko kaska ta maƙale, ka kuma sallami jami'in da ɗan abin da ya sauwaƙa.