Babi na Shida: Hutun Ma'aikaci da Yadda Ake Ƙirga Shi

Kowa ya ɗauko kalanda da fensir. Wanda ba shi da kalanda ya buɗe ta cikin wayarsa. Kada wanda ya ji kunya don yana ƙirge da yatsa, yatsan ma shi muke so a yau.

Darasi na 1: Ranar da ka kama aiki

A saman shafin littafinka rubuta ranar da ka fara aiki: rana, wata, shekara. Misali, 4 ga Maris, 2024. In ka manta, duba takardar ɗaukar aikinka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa wanda ya ɗauke ka aiki ya ba ka wannan takarda kafin ka wuce wata 3 a wurinsa, kuma a cikinta a rubuta maganar hutu.

Idan ka cika wata 12 kana aiki ba yankewa, kana da haƙƙin hutun shekara, aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashinka. Yaron da bai kai shekara 16 ba, har da mai koyon sana'a, nasa kwana 12 ne. "Aƙalla" yana nufin ana iya ƙara maka, amma ba a ragewa. Wannan doka ta masu aikin ƙarfi ce da ƙananan ma'aikatan ofis, irin su lebura, maigadin kamfani, akawu. Manaja da ƙwararru, nasu hutun yana cikin takardar yarjejeniyarsu.

Darasi na 2: Kwanan aiki

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi. Doka ba ta ce kwana 6 kawai ba. Cewa ta yi kwana 6 na aiki. Kwanan aiki shi ne ranar da, in ba don hutun ba, da ka tashi ka tafi wurin aiki. Ranar da dama ba ka zuwa, ba a sa ta a lissafi.

Buɗe watan Maris na 2025. Ɗora yatsa a kan Litinin, 10 ga wata. A ce kana aiki daga Litinin zuwa Asabar. Ƙirga da ƙarfi: Litinin ɗaya, Talata biyu, Laraba uku, Alhamis huɗu, Juma'a biyar, Asabar shida. Lahadi 16 ranar hutunka ce ta mako, dama taka ce. Sai ka koma aiki Litinin 17.

To, a ce wurin aikinku ba a zuwa ranar Asabar. Mayar da yatsa kan 10 ga wata. Litinin zuwa Juma'a, kwana nawa ke nan? Biyar. Ɗaga yatsa ka tsallake Asabar, ka tsallake Lahadi. Litinin 17 ita ce ta shida. Yaushe za ka koma? Talata 18. Wanda ya ce Litinin, ba laifi, yawancin 'yan aji haka suke cewa da farko. Sake ɗora yatsa, mu maimaita. Biyar, tsallake, tsallake, shida.

Ga na uku, wanda ya fi rikitarwa. Mai aiki Litinin zuwa Asabar ya fara hutu Litinin, 28 ga Afrilu, 2025. Litinin ɗaya, Talata biyu, Laraba uku. Alhamis 1 ga Mayu ce, Ranar Ma'aikata, gwamnati ta ba da hutu, sai a tsallake. Juma'a huɗu, Asabar biyar, a tsallake Lahadi, Litinin 5 ga Mayu shida. Komawa aiki Talata, 6 ga wata.

Na taɓa koyar da wani dattijo mai ɗaukar kaya a wani kamfani. Shekara da shekaru ana haɗa masa da Lahadi a cikin kwana shidan, yana godiya. Ranar da ya ƙirga da kansa a aji, ya daɗe yatsansa na kan kalanda bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ashe kwanana ake ci." Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake nanata muku. Ranar da ba ta aiki ba, a tsallake ta. Ku sa mata alamar gicciye da fensir kafin ku fara ƙirge.

Kuma don Allah, ku daina miƙa wa na kusa da ku kalanda ya ƙirga muku. Na ga masu yin haka a bayan aji. Ranar da za ka tsaya gaban mai biyan albashi, maƙwabcin naka yana ina? Wanda bai yi aikin gida ba kada ya ce mini bai gane ba, bai gwada ba ne. Koma kan 10 ga Maris ka sake.

Darasi na 3: Kuɗi a madadin hutu

In aka ce maka "karɓi kuɗi ka bar hutun", doka ta hana, muddin kana kan aikin. Ana iya ɗage hutun idan kai da wanda ya ɗauke ka aiki kun amince, amma kada a wuce wata 24 ba ka huta ba. Wanda ya bar aiki bayan ya yi wata 6 ko fiye, a biya shi kuɗin hutun gwargwadon watannin da ya yi.

Darasi na 4: Rashin lafiya da haihuwa

Mara lafiya yana da har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, amma sai da takardar likita mai rajista. Ka ji an sake cewa kwanan aiki, ƙirgen dai shi ne na ɗazu.

Ke mai juna biyu, da takardar likita kina iya barin aiki mako 6 kafin haihuwa, kuma ba a yarda ki yi aiki ba har mako 6 bayanta. In kin yi wata 6 a wurin, a biya ki aƙalla rabin albashi. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana.

Darasi na 5: Ranakun hutun gwamnati

Ga su: 1 ga Janairu, Juma'a da Litinin na Ista, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, Kirsimeti da washegarinta, sai Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi. Ukun ƙarshe suna bin ganin wata, Ministan Harkokin Cikin Gida ne yake sanar da ranakunsu. Ku saurari rediyo.

Darasi na 6: In an hana ka

Je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku, ko wurin shugabannin ƙungiyarku. Tafi da takardar ɗaukar aiki.

Aikin gida: zaɓi ranar Litinin a watan gobe, ƙirga kwana 6 na aiki, rubuta ranar komawa. A zo da kalandar, ina so in ga alamun gicciyen.